Tattalin Ilimi A Cibiyoyin Bincike: Darussa Daga Samaru Da Wasu Sassan Duniya

Muƙalar da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan dama ta yin tsokaci a kan yadda cibiyoyin bincike na kimiyya ke kula da ilimin da suka tara. Mai yiwuwa wani daga cikinmu ya ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Amsar ita ce, ruwanmu ne ta fuskoki uku. Na farko, irin wake da masara da gyaɗar da 'yan'uwanmu ke shukawa a gida, da allurar rigakafin da ake yi wa dabbobinsu, yawancinsu daga irin waɗannan cibiyoyi suke fitowa. Na biyu, da kuɗin jama'a ake gudanar da su. Na uku, a cikin wannan zaure akwai malaman jami'a, da likitoci, da injiniyoyi, da manyan ma'aikatan gwamnati waɗanda takardun irin waɗannan wurare ke bi ta hannunsu kullum.

Abin da muke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Babbar dukiyar kowace cibiyar bincike ita ce abin da ta sani. Idan gini ya rushe, ana iya tayar da shi cikin shekara guda muddin akwai kuɗi. Amma gwajin da aka shafe shekara 30 ana yi, idan takardunsa suka salwanta, babu kuɗin da zai dawo da shi face an sake zama na wata shekara 30. Don haka kula da ilimi aiki ne da ake tsarawa da gangan, a ware masa mutum da kuɗi da lokaci. Wannan aiki shi muka kira tattalin ilimi.

Ma'anar tattalin ilimi

Bahaushe ya san tattali tun a gona. Manomin kirki ba ya cinye duk abin da ya girbe. Yakan zaɓi zangarniya mafi kyau ya ware ta a matsayin iri, ya adana ta inda gara da danshi ba za su kai ba, sannan ya nuna wa 'ya'yansa wace ce ake shukawa a jigawa, wace ce ta fadama. Ayyuka uku ke nan: zaɓa da tarawa, adanawa, da kuma miƙawa. Su ne dai ayyukan da ke kan kowace cibiyar bincike game da iliminta.

Masana wannan fanni sun raba ilimi gida biyu, rabon da ya yi fice bayan rubuce-rubucen wasu malamai biyu 'yan ƙasar Japan, Nonaka da Takeuchi, a 1995. Akwai ilimin da ke rubuce, wato rahotanni, alƙaluma, taswira da sakamakon gwaje-gwaje. Akwai kuma ilimin da ke cikin ƙirji da hannu, wanda mai shi ma ba lalle ya iya bayyana shi da baki ba. Dattijon da ya tsufa a marinar Ƙofar Mata a Kano yakan san baba ya nuna daga warinsa da kumfarsa, alhali bai taɓa rubuta wannan a ko'ina ba. Haka nan tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya san halin kowace na'ura, ya san wane ɓangaren gonar gwaji ne ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san dalilin da ya sa aka daina wani gwaji shekaru 20 da suka wuce. Nau'in farko wuta da gara ke cinye shi. Nau'i na biyu kuwa ritaya da mutuwa da sauyin wurin aiki ke tafiya da shi, kuma tafiyarsa ba ta da ƙara.

Darasin gonar gwaji ta Samaru

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kusa da Zariya, ta samo asali ne a 1922 a matsayin sashen bincike na ma'aikatar gona ta lardunan Arewa, sannan ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1950 aka fara wani gwaji a can domin amsa tambayar da ke damun kowane manomi: me zai faru da ƙasa idan aka yi ta noma ta shekara da shekaru? Aka yanka fili gida 81, aka riƙa zuba wa kowane yanki nasa haɗin na kashin shanu da sinadaran takin zamani, wani da yawa, wani kaɗan, wani kuma ba a sa masa komai. Kowace shekara ana auna amfanin da kowane yanki ya bayar, ana rubutawa.

A shekarun farko, takin zamani ya nuna bajinta. Sai da aka yi nisa sannan alƙaluma suka bayyana cewa yankunan da aka daɗe ana zuba wa wani nau'in takin zamani shi kaɗai, ƙasarsu ta yi tsami, amfaninsu ya riƙa ja da baya, alhali waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu sun fi riƙe ƙarfinsu. Abin lura a nan shi ne, babu mutum ɗaya da ya ga wannan daga farko har ƙarshe a bakin aiki. Turawan da suka shata filin sun koma ƙasarsu, waɗanda suka gaje su sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya haɗa su shi ne rijistar da kowa ya karɓa daga na gabansa, ya ƙara nasa, ya miƙa wa na bayansa. Da a ce rijistar shekara goma ta ɓata a tsakiya, da darasin ya raunana.

An kwaikwayi wannan tsari ne daga cibiyar Rothamsted ta Ingila, inda aka fara irin wannan gwaji a kan alkama tun 1843. Su ba su tsaya ga rubutu kawai ba, har samfurin ƙasa da na hatsi suka riƙa zubawa a kwalabe suna maƙala musu suna da kwanan wata, har suka tara fiye da 300,000. Bayan fiye da shekara 100, masu bincike suka koma wa waɗannan kwalabe domin auna yadda hayaƙin masana'antu ya gurɓata ƙasa, tambayar da waɗanda suka cika kwalaben farko ba su taɓa tunaninta ba. Wanda ya adana bayani da kyau yana yi wa jikokin da bai sani ba hidima.

Hanyoyin da ilimi ke salwanta

Hanya ta farko ita ce tafiyar mutane. A tsarin aikin gwamnati na Nijeriya, yawancin ma'aikata na barin aiki ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Wato ana sanin ranar tafiyar mutum shekaru kafin ta zo. Duk da haka, abin da aka saba gani shi ne a shirya masa walima, a ba shi agogon bango, a karɓi makullin ofis da na mota, amma ba a zauna da shi ko na mako guda an tambaye shi abin da ya sani ba. Ga kuma matasan masana da ke ficewa zuwa ƙasashen waje, kowa da bayanan bincikensa a cikin kwamfutarsa ta hannu.

Hanya ta biyu ita ce bala'i. A watan Satumba na 2018 gobara ta tashi a babban gidan adana kayan tarihi da bincike na ƙasar Birazil, wanda ke ɗauke da abubuwa kimanin miliyan 20, kuma mafi yawansu suka ƙone cikin dare ɗaya. Cikin abin da aka rasa har da muryoyin da aka naɗa na harsunan wasu ƙabilu na asali. A wajenmu kuwa ba sai an jira gobara ba. Rufin da ke yoyo, da gara, da ɓeraye, da ƙurar hunturu sun isa.

Hanya ta uku ita ce tsufan na'ura. Mutane da dama na zaton da zarar abu ya shiga kwamfuta shi ke nan ya tsira. A 2014 wasu masu bincike daga Kanada suka wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi: sun nemi ainihin alƙaluman da ke bayan muƙalun kimiyya 516 da aka buga tsakanin 1991 da 2011. Suka gano cewa damar samun alƙaluman na raguwa da kimanin kashi 17 cikin 100 a kowace shekara, saboda adireshin marubuta ya mutu, ko kuma bayanan na cikin tsofaffin faya-fayan da babu sauran na'urar karanta su. Hatta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta bayyana a 2009 cewa ainihin kasa-kasan da aka naɗi saukar ɗan'adam a kan wata a 1969 ba su nan, kuma bisa dukkan alamu an goge su ne an sake amfani da su. Idan wannan ya samu mai hali, ina ga wanda wutar lantarki ma ba ta ishe shi ba?

Hanya ta huɗu ita ce rowar ilimi. Mutum ya kulle sakamakonsa a durowa don tsoron kada wani ya riga shi bugawa, ko sashe ya ɓoye wa sashe. Misalin gyaɗa ya isa ya nuna illar wannan hali ta hanyar nuna alherin kishiyarsa. A 1975, bayan farin da aka sha a shekarun baya, wata cuta da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗa a kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Amma tun a shekarun 1950 masu bincike a ƙasashen rainon Faransa sun gano wasu ire-iren gyaɗar gargajiya daga yankin Burkina Faso ta yau waɗanda ke jure wa cutar, suka rubuta, suka adana irin. Daga wannan tushe ne masanan Samaru da abokan aikinsu suka samar da ire-iren gyaɗa masu juriya. Da waɗancan sun yi rowa, da an fara daga farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Akwai cibiyar da ta yi tanadi tun kafin ranar tsanani, kuma labarinta ya cancanci a ji shi. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICARDA, a da tana da hedikwata da rumbun iri kusa da birnin Halab na Siriya. Tun kafin yaƙi, da kuma cikin shekarunsa na farko, ma'aikatanta sun riƙa aika kwafin ire-iren alkama da sha'ir da sauransu zuwa babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008 a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe. Da yaƙi ya raba su da rumbunsu, sai a 2015 suka karɓo ajiyarsu, suka shuka a Labanon da Maroko, suka sake gina rumbun, sannan suka mayar da sabon kwafi Svalbard. Su ne na farko da suka taɓa cire ajiya daga wannan wuri. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda ke riƙe da ire-iren wake fiye da 15,000, ita ma tana cikin waɗanda suka fara kai ajiya can. Ƙa'idar ɗaya ce ga iri da ga takarda: abin da ke da kwafi ɗaya tak, a wuri ɗaya tak, yana kan hanyar ɓata ko da ba a sani ba.

Isar da ilimi ga mai buƙatarsa

Adanawa rabin aiki ne. Hatsin da ke rumbu alhali iyali na kwana da yunwa bai yi amfani ba. Da yawa daga cikinmu mun san buhun nan mai ninki uku da ake adana wake a ciki ba tare da magani ba: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwari su shanye iskar da ke ciki su mutu. An gano wannan dabara ne a ƙarshen shekarun 1980 a Arewacin Kamaru, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin masanan ƙasar da na Jami'ar Purdue ta Amurka. Amma ba ta bazu sosai ba sai daga 2007, lokacin da aka tsara shiri na musamman: aka samu masana'antun da za su ƙera buhun, da 'yan kasuwar da za su kai shi ƙauyuka, da malaman gona da za su ɗaure buhu a gaban jama'a, su dawo bayan watanni su kwance shi a gabansu. Gani ya kori ji. Kusan shekara 20 ke nan tsakanin ganowa da isarwa, kuma a tsawon wannan lokaci manoma na ta asara, wasu na zuba wa abinci guba don tsare shi.

Domin cike irin wannan giɓi ne aka kafa sashen haɗa bincike da malaman gona a Samaru a 1963, wanda aka faɗaɗa aikinsa zuwa ƙasa baki ɗaya a 1987. Sai dai har yanzu mafi yawan sakamakon bincike da Ingilishi ake rubuta shi, cikin salon da ko ɗan boko sai ya yi da gaske. Binciken da aka yi a gonar Bahaushe, da kuɗin harajinsa, ya kamata a samu taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, a takarda da rediyo da wayar hannu.

Ilimi kuma ba daga cibiya kaɗai yake gangarowa ba. Daga tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Samaru suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna rubuta aikinsu da ribarsu. Suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake ɗauka a matsayin rashin wayewa, dabara ce mai rage haɗari da ƙara abin da ake samu daga fili. A yankin Maraɗi ta Nijar kuma, daga 1983 manoma suka rungumi rainon tsiron kututturan itatuwa a gonakinsu maimakon sassabe su, dabarar da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya ƙarfafa. Sai a shekarun 2000 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wa masana cewa abin ya mamaye kimanin hekta miliyan 5. Cibiyar da ba ta da hanyar sauraren manomi tana rasa rabin iliminta tun kafin ta tara shi.

Abin da ya kamata a yi

Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne cibiyoyinmu na fama da ƙarancinsa. Amma yawancin matakan da ake buƙata sun fi neman tsari da jajircewa a kan kuɗi.

Da farko, kowace cibiya ta naɗa jami'i takamaimai mai kula da ma'adanar bayanai, mai matsayi da kasafi, domin aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Na biyu, kada a rufe fayil ɗin wani bincike, ko a biya kason ƙarshe na kuɗinsa, sai an miƙa ainihin alƙaluman tare da bayanin yadda aka tattara su, a ina, yaushe, da wane ma'auni. Alƙaluman da ba su da wannan bayani tamkar kwalbar magani ce da takardar jikinta ta ɓalle. A 2016 wasu masana na ƙasashe daban-daban sun taƙaita manufar a sharuɗɗa huɗu: bayani ya kasance ana iya gano inda yake, ana iya kaiwa gare shi, ana iya haɗa shi da wani, ana kuma iya sake amfani da shi.

Na uku, kowane muhimmin bayani ya zama yana da kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari dabam, kuma a riƙa gwada buɗe su lokaci zuwa lokaci. Na huɗu, duk wanda ritayarsa ta rage shekara biyu a haɗa shi da matashin da zai gaje shi su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, a kuma naɗi hira da shi a kan abin da ya gani, har da ma'aikatan gona da na ɗakin gwaje-gwaje waɗanda sunansu ba ya fitowa a mujallu. Na biyar, a riƙa rubuta gwajin da bai yi nasara ba, domin kada na baya ya sake faɗawa ramin da na gaba ya faɗa. Na shida, tunda ƙarin girma a jami'o'i da cibiyoyi ya dogara ne a kan yawan muƙalun da mutum ya buga, to a sanya adana bayanai da horar da na baya da fassara sakamako ga jama'a cikin abin da ake ba wa maki. Wannan shi ne maganin rowa: idan mutum ya tabbata za a ambaci sunansa duk lokacin da aka yi amfani da alƙalumansa, zai buɗe durowarsa da kansa.

Mu da ke zaune a birane muna da namu rabon. Wanda ke shugabantar sashe zai iya fara waɗannan matakai gobe ba tare da jiran umarni daga Abuja ba. Wanda ke zama a kwamitin kasafi zai iya kare ɗan abin da aka ware wa ɗakin karatu, wanda galibi shi ake fara yankewa. Wanda ya yi digirinsa a kan ƙasa ko ruwa ko cututtukan yankinmu, ya kai kwafin kundinsa inda za a same shi, ya kuma rubuta shafi biyu da Hausa ga mutanen da suka amsa masa tambayoyi. Dattawanmu da suka yi ritaya daga irin waɗannan wurare suka koma gida kuwa, a je a zauna da su tun suna da ƙarfin magana, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Kammalawa

Jama'a, mun ga yadda rijistar da aka riƙa miƙawa hannu da hannu ta koya mana halin ƙasarmu, mun ga yadda kwafin da aka ajiye a nesa ya ceci rumbun iri daga yaƙi, mun kuma ga yadda dabara mai sauƙi ta yi kusan shekara 20 kafin ta isa ga mai wake. Ƙasar da ba ta tattalin iliminta takan biya kuɗin abu ɗaya sau biyu ko sau uku, kuma talaka ne ke ɗaukar nauyin jinkirin. Muna fata kowannenmu, idan ya koma bakin aikinsa, zai tambayi kansa: in na bar wannan kujera yau, me wanda zai gaje ni zai tarar?